The Haunting of Hill House: labarin, 'yan wasan da waɗanda suka haɗa shi

The Haunting of Hill House shiri ne na ban tsoro mai dogon zango da kamfanin Netflix ya saki ranar 12 ga Oktoba, 2018. Kashi goma ne, kowanne kusan awa guda, kuma duk rana ɗaya aka sake su. Ba'amurke Mike Flanagan ne ya ƙirƙiro shi, shi kaɗai kuma ya ba da umarni daga kashi na farko har na goma. Ba kasafai ake haka ba a talabijin ɗin Amurka, inda daraktoci kan yi karɓa-karɓa. An ɗauko tushen labarin daga littafin Shirley Jackson mai wannan suna, wanda ya fito a 1959. Hill a nan sunan dangin da suka mallaki gidan ne tun asali, don haka ma'anar sunan ita ce yadda fatalwa ta addabi gidan su Hill.

Gargaɗi biyu kafin mu shiga. Na ɗaya, zan faɗi yadda labarin ya ƙare, wanda bai kalla ba kuma ba ya so a ɓata masa, ya tsallake sashen labari ya wuce kan 'yan wasa. Na biyu, wannan ba kallon yara ba ne. Akwai gawa ƙuru-ƙuru, akwai rataya, akwai allurar ƙwaya, akwai kuma soyayyar mace da mace a labarin ɗaya daga cikin 'yan gidan. Ku san da wannan tun kafin a kunna a falo kowa yana zaune.

Littafin da aka ɗauko

An haifi Shirley Jackson a birnin San Faransisko a 1916, ta rasu a 1965 tana da shekara 48. Sunanta ya fara fita ne a 1948 da wani gajeren labari mai suna The Lottery da mujallar The New Yorker ta buga, wanda ya sa masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙun ƙorafi saboda yadda ya girgiza su. Littafinta na Hill House ya kai zagayen ƙarshe na babbar gasar littattafai ta ƙasar Amurka, har yau kuma ana sa shi sahun gaba cikin labaran gidaje masu fatalwa.

A littafin, wani masani mai suna Dakta John Montague ne ya kama hayar gidan don ya binciki abin da ake faɗa a kansa. Ya gayyato mutanen da ba su san juna ba: Eleanor Vance, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen jinyar mahaifiyarta, da Theodora, da Luke Sanderson, ɗan dangin masu gidan. Sannu a hankali gidan ya janye hankalin Eleanor. Da aka matsa mata ta tafi, sai ta kara motarta da bishiya a bakin hanyar fita, nan ta mutu. Jackson ta bar mai karatu cikin wasi-wasi, shin gidan ne ya cinye ta ko ciwon da ke cikin kanta ne.

An mayar da littafin fim sau biyu kafin Flanagan. Robert Wise ya yi na 1963 a hoto baƙi da fari, Julie Harris ta fito a Eleanor, kuma shi ne masana fim ke girmamawa. Jan de Bont ya yi na 1999 da Liam Neeson da Catherine Zeta-Jones da Owen Wilson. Wancan na biyun ya cika da dodannin kwamfuta, masu sharhi suka yi masa ca, ni ma ban ga abin tsoro a ciki ba sai hayaniya.

Flanagan bai bi sawun kowannensu ba. Littafin gajere ne, ba zai cika awa goma ba. Sai ya ɗauki sunayen baƙin nan ya mayar da su 'ya'yan gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Hugh Crain, wanda a littafi shi ya gina gidan, ya koma mahaifinsu. Ya ƙaro babban wa mai suna Steven, da wata 'ya da ya raɗa wa Shirley don tunawa da marubuciyar. Wannan canjin ne ya ɗauki shirin gaba ɗaya, domin baƙo yana iya tattara kayansa ya gudu, amma ɗan'uwa ko kun shekara ba kwa magana sai makoki ya haɗa ku.

Labarin

A bazarar 1992 Hugh da matarsa Olivia suka tare a wani tsohon katafaren gida a jihar Masachusets da 'ya'yansu biyar: Steven, Shirley, Theodora da ake kira Theo, sai tagwaye Luke da Eleanor, wadda kowa ke kira Nell. Sana'arsu ke nan, su sayi gidan da ya lalace, su gyara, su sayar. Olivia ce mai zana taswirar gini, Hugh ne mai gyara. Lissafinsu shi ne ribar wannan gidan ta ishe su gina nasu na dindindin, su daina yawo da yara. Akwai masu kula da gidan, Horace Dudley da matarsa Clara, waɗanda ba sa yarda duhu ya same su a ciki. Akwai kuma wani ɗaki mai jar ƙofa a saman bene da babu mabuɗin da ya iya buɗe shi.

Aiki ya ƙi ƙarewa. Baƙar fumfuna ta bi bango, ruwa yana tsattsafowa ba a san daga ina ba. Hugh ya fasa wani bango a ɗakin ƙasa ya tarar da ƙwarangwal ɗin William Hill, wanda ya gine kansa a ciki da hannunsa. Yara suka fara ganin abubuwa. Luke ya ga dogon mutum da sanda yana tafiya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Nell kuma wata mata mai karyayyen wuya ke tsaya mata a kai cikin dare. Ciwon kan Olivia yana ƙaruwa, maganarta ta fara sauyawa. Wani dare Hugh ya kwashi yaran a guje ya zuba a mota, ya bar uwarsu a ciki. Da gari ya waye ta mutu. Ya ce ita ta kashe kanta, ya ƙi ƙara ko kalma ɗaya, jaridu suka yi ta yamaɗiɗi da shi. Riƙon yaran ya koma hannun innarsu Janet. Gidan kuwa ya ƙi sayarwa, ya sa sarƙa ya kulle.

Shirin yana kai-komo tsakanin wancan lokaci da shekara 26 bayansa. Kashi biyar na farko kowanne na ɗa guda ne, daga babba zuwa ƙarama, ana nuna kwanaki iri ɗaya ta idon mutum daban.

Steven ya zama marubuci. Da labarin gidansu ya yi suna da kuɗi, alhali shi bai yarda akwai fatalwa ba, yana ganin taɓin hankali ne ke bin jininsu. Saboda wannan tsoro ya je aka yi masa aikin hana haihuwa bai gaya wa matarsa Leigh ba, ya bar ta tana zaryar asibiti neman haihuwa. Shirley tana da gidan shirya gawa ita da mijinta Kevin. Ta ƙi karɓar ko sisi daga kuɗin littafin wanta, ta ce cin naman 'yan'uwa ne, ba ta san mijinta yana karɓa a ɓoye ba don ya rufe giɓin da rangwamenta ga masu makoki ke jawowa. Theo masaniyar halayyar yara ce, kullum da safar hannu, domin duk wanda fatarta ta taɓa sai ta ji abin da ke cikin zuciyarsa. Luke ya faɗa shaye-shaye, allurar heroyin yake yi, ya saci na kowa, ya yi wa kowa ƙarya. Lokacin da labarin ya same shi ya cika kwana 90 bai taɓa komai ba, amma babu mai gaskata shi. In tsoro ya kama shi yakan ƙirga daga ɗaya zuwa bakwai, adadin mutanen gidansu.

Nell dannau ke damunta. Ta farka idonta biyu, jiki ya ƙi motsi, matar nan tana tsaye. Wajen neman magani ta haɗu da Arthur Vance, ma'aikacin asibitin barci, suka yi aure, abin ya lafa. Watanni kaɗan bayan biki jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa ya faɗi a gabanta, ita kuma dannau ya danne ta ba ta iya tashi ba. Daga nan ta rikice. Ta kira Steven bai ɗauka ba, ta kira Shirley ba ta ɗauka ba. Ta koma gidan ita kaɗai da dare. Ta tarar da shi a haskake, uwarta da mijinta suna jiranta, aka yi rawa, uwar ta rataya mata abin wuya. Ashe igiya ce. Da ƙarfe 3:03 na dare agogon gabashin Amurka 'yan'uwanta suka farka a firgice kowa a inda yake.

Ƙarshen kashi na biyar shi ne inda mutane da yawa suka ajiye waya suka dafe kai. Nell tana faɗowa da igiya a wuya, sai ta riƙa ratsa shekarun rayuwarta da baya da baya, tana bayyana a kowane wurin da ta taɓa ganin matar nan, har zuwa gadonta tana 'yar shekara shida. Wato mai karyayyen wuyan ita ce da kanta. Tun tana ƙarama mutuwarta take gani.

Shirley ta dage ita za ta shirya gawar ƙanwarta da hannunta. Mu da muka saba a yi wa mamaci wanka a sa shi a likkafani a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, wannan sashe yana da nauyin kallo, ko da yake zaman Kudu ya sa mun ga yadda maƙwabta ke ajiye gawa makonni kafin biki. Ana nuna ɗinki da kwalliya da komai, ba a kawar da kyamara.

Sai a kashi na tara aka nuna abin da ya faru a daren ƙarshe. Fatalwar wata mata, Poppy Hill, ta shiga kan Olivia, ta nuna mata tagwayenta sun girma, ɗaya gawa a kan tebur, ɗaya da allura a hannu. Ta rinjaye ta cewa duniyar waje mugun mafarki ce, uwa ta gari kuma tayar da 'ya'yanta take yi daga mafarki. Olivia ta haɗa shayi da gubar ɓera, ta kai Luke da Nell ɗaki mai jar ƙofa, tare da wata yarinya Abigail da kowa ya ɗauka ƙawar ƙarya ce Luke ya ƙirƙira. Yarinyar gaske ce, 'yar su Dudley ce da suke ɓoyewa a gida. Ita ta fara sha, ta mutu. Hugh ya faɗo ɗakin ya watsar da kofunan, ya gudu da yara. Olivia ta faɗo daga saman matakala. Su Dudley suka roƙi Hugh ya rufa asiri kuma kada ya rushe gidan, domin duk wanda ya mutu a ciki yana nan a ciki, nan kaɗai za su riƙa ganin 'yarsu. Shirun da ya yi na shekara 26, wanda ya jawo masa ƙiyayyar 'ya'yansa, don kada su san uwarsu ta yi yunƙurin kashe su ne.

A ƙarshe Luke ya tafi da fetur zai ƙone gidan, wuta ta ƙi ci. Sauran suka bi shi, ɗakin ya rufe da su. Nan fatalwar Nell ta bayyana musu cewa duk sun sha shiga ɗakin nan suna yara ba su sani ba. Ga Luke ɗakin wasa ne a kan bishiya, ga Theo wurin koyon rawa, ga Steven ɗakin wasannin bidiyo, ga uwarsu ɗakin karatu. Tumbin gidan ne, yana ba kowa abin da yake so don ya zauna a narkar da shi. Luke yana bakin mutuwa, Olivia ta ƙi buɗe ƙofa. Hugh ya yi mata alkawarin zama da ita har abada, ya shanye magungunansa ya mutu a gidan, ta saki yaran. Amanar gidan ta koma wuyan Steven. Bayan shekara biyu an nuna su tare suna murnar Luke ya cika shekara biyu da barin ƙwaya, Leigh da ciki.

Ni dai wannan ƙarshe ya yi mini zaƙi da yawa. Awa tara ana nuna mana gida mai cin mutane, sai a minti goman ƙarshe a nuna tsoho Horace ya ɗauko Clara a hannu yana sauri don ta cika a ciki su haɗu da 'ya'yansu, kamar wurin rahama. Masu kallo sun rabu biyu a kan wannan, ina cikin waɗanda suka ga an sassauta.

'Yan wasa

Kowane ɗa mutum biyu ne suka fito a matsayinsa, babba da yaro. Michiel Huisman, ɗan ƙasar Holan da aka sani da Daario Naharis a Game of Thrones, shi ne Steven, Paxton Singleton ya yi yarintarsa. Elizabeth Reaser, uwar gidan su Cullen a finafinan Twilight, ita ce Shirley, Lulu Wilson ƙaramarta. Kate Siegel ce Theo, Mckenna Grace ta fim ɗin Gifted ta yi yarintar. Siegel matar Flanagan ce, sun yi aure a 2016, tare suka rubuta fim ɗin Hush wanda ta ja. Baturen Ingila Oliver Jackson-Cohen ne Luke, Julian Hilliard kuma yaron nan mai ƙaton tabarau. Victoria Pedretti ce Nell, Violet McGraw ƙaramar. Pedretti ba ta daɗe da gama makarantar koyon wasa ba aka ɗauke ta, wannan ne babban aikinta na farko, daga nan ta wuce shirin You. A ganina ita da Jackson-Cohen ne suka fi kowa, musamman inda ya roƙe ta ta sayo masa ƙwaya a hanyar kai shi gidan gyaran hali, ta rasa yadda za ta ce a'a.

Carla Gugino ce Olivia. Yaran da suka taso da Spy Kids sun san ta a matsayin uwa, ta kuma yi Gerald's Game da Flanagan a 2017. Aikinta ya fi na kowa wuya, domin dole mai kallo ya so ta kafin ya ga tana zuba guba a shayi. Hugh na ƙuruciya Henry Thomas ne, yaron nan Elliott na fim ɗin E.T. na 1982. Hugh na tsufa Timothy Hutton ne, wanda ya ci kyautar Oscar yana ɗan shekara 20 da fim ɗin Ordinary People na 1980. Sai da aka manna wa Thomas shuɗin gilashi a ƙwayar ido don idonsa ya dace da na Hutton.

Annabeth Gish da Robert Longstreet su ne Clara da Horace Dudley. Longstreet yana da wata doguwar magana a ɗakin ƙasa, inda yake ba Hugh labarin mahaifiyarsa da jaririyar da suka rasa, yana ba shi shawarar ya fitar da matarsa daga gidan cikin ladabi irin na ɗan aiki da maigida. Samantha Sloyan ce Leigh, Anthony Ruivivar ne Kevin, Jordane Christie ne Arthur, Catherine Parker ce Poppy. Likitan ƙwaƙwalwar da ya ba Nell shawarar ta je ta fuskanci gidan an sa masa suna Dakta Montague, wanda ya fito a matsayinsa kuma Russ Tamblyn ne, shi ne Luke a fim ɗin 1963.

Bayan fage

An haifi Flanagan a 1978 a garin Salem na Masachusets, garin da tarihi ya sani da shari'ar waɗanda aka zarga da maita. Da tace hoto ya fara cin abinci kafin ya yi suna da Oculus a 2013. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi fama da giya kafin ya daina, wanda ya san haka zai gane dalilin da ya sa labarin Luke bai yi kama da wa'azi ba. Kamfanonin Amblin Television da Paramount Television ne suka shirya wa Netflix. Cikin manyan furodusoshi akwai Trevor Macy, abokin aikinsa na tun da daɗewa, da Darryl Frank da Justin Falvey da Meredith Averill. Averill ce ta rubuta kashi na biyar, ta kuma ci kyautar Bram Stoker da shi. Michael Fimognari ne ya ɗauki hoto. Kiɗan na The Newton Brothers ne, wato Andy Grush da Taylor Stewart, waɗanda duk da sunan ba 'yan'uwa ba ne.

Labarin a Masachusets yake, amma a jihar Jojiya aka ɗauka. Fuskar gidan ta waje wani gini ne mai suna Bisham Manor a garin LaGrange, cikinsa kuwa gina shi aka yi a sutudiyo a Atlanta, bene da ƙasa.

Kashi na shida, Two Storms, shi ne abin da masu sana'ar fim suka fi magana a kai. Dare biyu ne na hadari, ɗaya a gidan shirya gawa ana zaman makokin Nell, ɗaya a Hill House shekarun baya. Kusan duk kashin ɗauka biyar ne kacal, mafi tsawo ya kai wajen minti 17 kyamara ba ta tsaya ba. In wani ya manta maganarsa a minti na 16, sai a koma farko. Tun wajen gini aka haɗa wuraren biyu da lungu guda, shi ya sa ake ganin tsoho Hugh ya fita neman banɗaki a gidan gawa, ya bi lungu, sai ga shi a zauren Hill House babbar fitilar rufi tana faɗowa. Akwai inda kyamara ke zagaya shi, 'ya'yansa manya suna zaune, kafin ta dawo an musanya su da yaran, ta sake zagayowa manyan sun koma. Da gudu 'yan wasan ke sauya wuri a bayan mai ɗaukar hoto. An dakatar da sauran aiki aka yi makonni ana gwaji kafin a ɗauka. Abin da ya sa dabarar ta yi aiki shi ne babu yanka da zai ba mai kallo numfashi, kana cikin ɗakin tare da dangin da ke tona wa juna asiri a gaban akwatin gawa.

Sai fatalwowin da aka ɓoye. A fitowa da dama akwai fuska ko hannu a bayan 'yan wasa, ƙarƙashin matakala, bakin ƙofa, cikin gilashin taga, ba kiɗa, ba wanda ya waiwaya. Mutane ne aka yi wa kwalliya aka tsayar. A ƙaramin allon waya da wuya a gan su, sai a talabijin an ƙara haske. Dabarar ta shiga cikin labarin ma. Steven mai cewa bai taɓa ganin komai ba ya rubuta a littafinsa cewa ya wuce wani mai gyaran agogo a gidan, sai a kashi na takwas mahaifinsa ya gaya masa bai taɓa ɗaukar mai gyaran agogo ba.

Abin da ya biyo baya

Ba a ci gaba da labarin su Crain ba. Zango na biyu, The Haunting of Bly Manor, ya fito a Oktoban 2020 da sabon labari da aka ɗauko daga The Turn of the Screw na Henry James, littafin 1898. Pedretti da Jackson-Cohen da Thomas da Siegel da Gugino duk sun dawo, amma a matsayin wasu mutane daban. Flanagan ya ƙara yi wa Netflix Midnight Mass a 2021, The Midnight Club a 2022, da The Fall of the House of Usher a 2023, kuma yawancin fuskokin nan za ku sake cin karo da su a ciki, kamar yadda daraktan Kannywood kan riƙe 'yan wasansa daga fim zuwa fim.